Zuciya a Akwatin Dalma

Daga gidan farautar Sarki a Wendlow,
kwana uku bayan Idin Bartalamawus.

Zuwa ga uwargidana Sibilla, a gidanmu na Thornmere.

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da begen ganinki. Ina fata kina lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar nan, ya sake ki kuwa? Yaya girbin sha'ir, an samu rana an shigar da shi kafin ruwa? Ni jikina ƙalau yake.

Bayan haka, na san ƙararrawar coci ta riga wasiƙata isowa gare ki. Gaskiya ne, Sarki ya rasu. Ranar Talata da hantsi ya cika, kansa yana kan hannuna. Shekara talatin da huɗu ina bin mutumin nan, Sibilla. Na riƙe masa linzami, na tsare masa kagara uku a bakin iyaka, na ƙetare teku sau biyar a bayan tutarsa, na yi masa jakadanci wurin mutanen da ko ruwan gidansu ban yarda in sha ba. Yau na tashi da safe na rasa ƙofar da zan je in tsaya.

Ba zan dawo gida yanzu ba, kuma na fi so ki ji dalili daga gare ni. Ana gobe zai cika ya sa aka fitar da kowa daga ɗakin, sai ni da Fada Odo, limamin coci mai yi masa addu'a. Ya ce gangar jikinsa ta jama'a ce, a kai ta babban coci wurin kakanninsa. Amma zuciyarsa tasa ce. A cire ta yadda ake yi wa manya, a kai ta tsibirin Haldsey, can ƙarshen arewa, inda sufaye suka ɓoye shi yana yaro lokacin yaƙin basasa. Ya ce a nan ne kaɗai ya taɓa yin barci babu wuƙa a ƙarƙashin matashinsa. Daga nan ya buɗe tafukansa, na durƙusa na sa hannuwana a tsakiyarsu, kamar ranar da na fara yi masa mubaya'a. Na rantse a kan Littafi Mai Tsarki cewa ba zan miƙa wa kowa akwatin da za a sa zuciyar ba, ba kuma zan sa hannuwana cikin na wani ɗan Adam ba, sai na ga dutse ya rufe ta a Haldsey. Kafin wannan rana, ni nasa ne.

An gama aikin jiya. An wanke zuciyar da ruwan inabi, an zuba gishiri da kayan ƙamshi, an rufe ta a akwatin dalma da bai fi ƙaramin burodi ba. Ga shi rataye a ƙirjina. Na san abin da ya faɗo miki a rai, domin ni ma shi ya faɗo mini: ɗan akwatin da ke cikin bangon cocinmu, wanda shi kaɗai ya dawo mana na ɗanmu Ivo daga yaƙin ƙetare. Bari in bar wannan a nan tukuna.

Yarima bai iso ba, yana yamma, sai jibi ake sa ransa. Fulk na Asherby, wanda yanzu ko tari Yarima ya yi sai ya ce madalla, ya ba ni shawarar in jira in fara kai gaisuwa. Amma ana zafi, ga hanya da nisa. Na bar wa Yarima takarda. Kada ki damu ko kaɗan. Yaron nan a hannuna ya tashi. Ni na ɗora shi a kan doki, ni na koya masa karatu da riƙon takobi, kuma ya san nauyin rantsuwa domin a wurina ya koya. Kin tuna ranar shaho? Yana ɗan shekara goma ya tsaya a filin barga ya cika baki gaban barori, wai duk wanda ya tsere masa a sukuwa zuwa gadar dutse ya ba shi farin shahonsa. Ivo ya tsere masa da tsawon doki guda. Yarima ya ƙanƙame tsuntsun yana kuka, wai ai wasa yake yi. Na tsuguna daidai tsayinsa na ce masa abin da ɗan sarki ya faɗa gaban mutane ya fita daga hannunsa, ko da shi ne zai cutu. Ya share hawayensa ya miƙa wa Ivo. Tun ranar na san Ingila za ta yi sarki. Wanda ya iya wannan yana yaro ba sai an yi masa dogon bayanin inda na tafi ba.

Kwana goma sha huɗu ne zuwa bakin teku. Ki ajiye mini tuffa daga itacen da ke bayan coci, irin masu tsamin nan. Allah ya tsare mini ke.

Mijinki,
Ranulf na Thornmere.

*

Daga masaukin Harlbeck,
ranar Idin Haihuwar Maryamu.

Zuwa ga uwargidana Sibilla.

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi nisa da gida. Da fatan kin kwana lafiya kin tashi lafiya, kuma ruwan da ke dukanmu a nan bai taɓa miki girbi ba. Ki gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

Kwana goma sha biyu ke nan muna tafe, ni da Fada Odo da dakaru huɗu. Fada ba a yi shi don doki ba. Kullum da safe in ya ga sirdi sai ya yi nishi ya ce, ni na yi rantsuwa amma ɗuwawunsa ne ke cika ta. Dakaru sun sa masa suna Buhun Gari. Shi kuma ya ce duk wanda ya ƙara faɗa, ranar da ya zo neman gafarar zunubi zai sa shi azumin wata guda. Da ba don shi ba da hanyar nan ta yi mini tsawo.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ɗazu da azahar ɗan aiken fada ya cim mana, dokinsa jiƙe da kumfa. An naɗa Yarima. Ranar naɗin ya tsaya gaban manyan ƙasa ya yi shela cewa duk wanda ke riƙe da ƙasa daga hannun sarauta ya zo Landan ya sa hannuwansa cikin nasa kafin faɗuwar rana ta Idin Mika'ilu. Wanda rana ta faɗi bai zo ba, ƙasarsa ta koma hannun Sarki, ko wane ne shi. Dalili kuwa, akwai waɗansu manya da ke ƙus-ƙus da sunan ɗan baffansa, yana so ya san nasa. Wallahi da na karanta sai da na yi murmushi. Da ina kusa, shawarar da zan ba shi ke nan. Kwana nawa da hawansa, har ya gane cewa sabon sarki ba ya barin mutane su daɗe suna tunani.

Fada Odo bai yi murmushi ba. Ya ja ni gefe ya ce in ba shi akwatin ya ƙarasa da shi, in juya da ɗan aiken. Na tuna masa da kunnensa ya ji na rantse ba zan miƙa wa kowa ba. Ya ce to in koma da shi a wuyana, in yi mubaya'a, in sake fitowa. Na ce ya manta rabin rantsuwar na biyu. Ya ce akwai bishop, babban limamin coci, a hanya, zai iya kwance ni cikin rabin sa'a. Na ce wanda ya ɗaure ni ya tafi, ba zan je in nemi wani ya kwance ni a bayan idonsa ba. Sai ya dube ni ya ce, “Maigida, wanda ke cikin akwatin nan ba zai ƙwace maka gida ba. Mai ran ne zai ƙwace.”

Na yi lissafi, kuma ina so ki bi shi da yatsunki don hankalinki ya kwanta. Saura kwana ashirin da ɗaya. Biyu zuwa bakin teku, ɗaya na ƙetarawa, ɗaya na binnewa, ɗaya na dawowa, goma sha huɗu zuwa Landan. Goma sha tara ke nan, da rarar kwana biyu. Na ba ɗan aiken takarda zuwa ga Sarki, na faɗi inda nake da abin da ya ɗaure ni. Shi ne zai biyo ta wajenki da wannan.

Na san za ki ce na taɓa yi miki irin wannan lissafi. Wannan karon zai fita daidai. Ki yi mini addu'a.

Naki har kullum,
Ranulf.

*

Daga tsibirin Haldsey,
kashegarin Idin Mika'ilu.

Uwargidana Sibilla,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki, ko da yake ba ni da hanyar jin amsa. Ban san ranar da takardar nan za ta samu mai ɗauka ba.

Na cika alkawari. Mun ƙetaro ranar da na tsara, kashegari aka binne. Sufaye tara ne kawai suka rage a nan, duk tsofaffi. Ɗaya daga cikinsu ya tuna Sarki yana yaro, ya ce yakan saci cuku ya ɓoye a hannun riga. Suka ɗaga dutse ɗaya a gaban bagadi, teburin ibadar coci, na cire igiyar daga wuyana, na ajiye akwatin da hannuna. Ba kakaki, ba tuta. Har yanzu akwai shatin igiyar a fatata.

Da yammacin wannan rana iska ta juya. Yau kwana goma sha takwas teku tana dukan dutsen nan ba hutawa. Na je wurin masunta na cire zoben hannuna na miƙa. Babbansu ya juya shi ya mayar mini, ya ce kifi ba ya sa zobe, kuma shi yana da 'ya'ya. Kullum nakan hau hasumiyar da ke bakin gaɓa in hangi ƙasa, ga ta nan kamar in miƙa hannu in taɓa. Na ga rarar kwana biyun nan ta tafi, na ga sauran sun bi ta ɗaya ɗaya, muna cin kifin gishiri da busasshen burodi.

Jiya da rana ta kusa faɗuwa na kira Fada Odo bakin ruwa. Na fuskanci kudu, na durƙusa a kan tsakuwa, na miƙa hannuwana, na faɗi kalmomin mubaya'a duka da sunan sabon Sarki. Na ce wa Fada ya zama shaida. Ya ce ya shaida, amma bai dube ni ba.

Zaman nan ya sa na yi tunanin da na daɗe ina gudu. Kwana goma sha shida na ɗauki zuciyar Sarki a ƙirjina, ko barci ban sauke ta ba. Ta ɗanmu kuwa wani baƙon soja ne ya kawo miki ita a jakar sirdi, domin Sarki ya ce yana bukatata a sansani, ni kuma na ce to. Ke kaɗai kika tsaya aka rufe bangon. Shekara huɗu ba ki taɓa yi mini gori ba. Da kin yi, da ya fi mini sauƙi.

Iska ta fara sauka. Masunta sun ce watakila gobe. Zan kashe dawakai a hanya in ta kama. Yaron ya san ni, Sibilla. Zai saurare ni.

Mijinki,
Ranulf.

*

Daga Landan,
kwana biyu bayan Idin Luka.

Zuwa ga Sibilla, uwar Ivo.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikinki da sauƙi. Takardarki ta same ni a nan. Na ji cewa mutanen Fulk sun zo sun zagaya barga da rumbuna suna auna su da ido, kuma kin sa an ba su abinci kamar kowane baƙo. Kin yi daidai. Na kuma karanta layin ƙarshe, inda kika ce wannan karon ma Sarki na zaɓa. Na karanta shi ya fi sau goma, ba ni da abin musu.

Zan faɗa miki yadda aka yi, ba ƙari ba ragi.

Kwana goma sha biyu na yi daga bakin teku, na iso mako biyu bayan wa'adi. Aka zaunar da ni a zaure kwana uku. Masu tsaron ƙofar nan ni na ɗauke su aiki, ni na koya musu yadda ake tsayar da mutum ba tare da an ci masa fuska ba, kuma sun koya da kyau. A rana ta huɗu aka kira ni. Fadar Sarki cike take. Ina wucewa Fulk ya ce da murya yadda kowa zai ji, “Sannu da hanya, ɗan aiken matattu. Yaya ka baro su?” Waɗansu suka yi dariya. Waɗansu da muka kwana a laka tare a yaƙi suka sunkuyar da kai.

Na je gaban kujera na durƙusa na miƙa hannuwana a haɗe. Ban san tsawon lokacin da suka yi a iska ba. Nasa suna kan hannun kujera, bai motsa su ba. Sai da kafaɗuna suka gaji na sauke.

Ya yi magana a natse. Ya ce takarduna biyu sun same shi, ya karanta. Ya ce ya ji shaidar Fada Odo a kan abin da na yi a bakin ruwa, kuma ya gaskata. Ya ce babu wanda ya bauta wa mahaifinsa kamar ni, kuma duk wanda ya kira ni maci amana a gabansa zai gane kuskurensa. Ya faɗi wannan yana duban Fulk. Zuciyata ta fara kwanciya. Fada Odo ya matso, ya durƙusa da ƙyar, ya ce Ranka ya daɗe, iska ce ta Allah, ba mutum ya yi ta ba. Sarki ya ce ya sani. Ya ce mutum uku ban da ni ba su zo ba, su da gangan, an karɓe ƙasarsu, kuma danginsu suna nan cikin fada suna jiran su ga ko shelar tana da ƙofar baya.

Sai ya sunkuyo, ya kira ni da sunan da yake kirana yana yaro.

“Malam, ka tuna shahona?”

Na ce na tuna, Ranka ya daɗe.

“Na faɗa gaban mutane, ko wane ne shi. Ya fita daga hannuna. Kai ka ce ko da ni ne zan cutu.”

Na dubi fuskarsa, Sibilla, ina neman ƙeta. Na so in ga yaron da ya riƙe haushin tsuntsu shekara goma sha uku, yau ya samu rana. Da na gani da na samu wanda zan tsana, da na huta. Ban iya rabewa ba. Ya zauna a miƙe, kafaɗa a buɗe, murya ba rawa, yadda na sha gyara masa zama da sandata. Abin da ya fi ci mini rai, wanda ba zan iya faɗa wa kowa ba sai ke, shi ne a daidai lokacin da yake raba ni da gidan ubana, wani abu a cikina ya ce madalla da wannan ɗalibi.

Thornmere ta tafi, da gonakinta da dajinta da injin niƙa da cocin. An ba Fulk, domin shi ya fara durƙusawa ranar naɗi. An ba mu zuwa Idin Martin mu fita. Kayan ɗakinki da tufafinmu da dawakai uku namu ne.

Kafin in tashi Sarki ya ce shelarsa a kan ƙasa take, ba ta hana shi ba da aiki ba. Akwai hasumiya a Haldsey da ba ta da mai tsaro, kuma zuciyar mahaifinsa tana can. In ina so, tawa ce har mutuwa, da abincin mutum shida. Na ji dariyar Fulk a bayana. Ban san ko jinƙai ne ko izgili ba, ina jin shi kansa Sarkin bai sani ba. Na ce ina so. A nan ne ya buɗe tafukansa. Shekara talatin da huɗu ina hidima, na ƙare da yin mubaya'a a kan tulin duwatsu da tsuntsayen teku ke yi wa kashi. Hannuwansa sanyi ƙalau, kuma ya riƙe nawa ya daɗe fiye da yadda al'ada ta ce.

Na san wurin da zan kai ki. Ba itace ko ɗaya, iska ba ta barin komai ya tsaya. Gwiwarki za ta sha wuya. In kin fi so ki zauna wurin ƙanwarki, ba zan ga laifinki ba, ba kuma zan roƙe ki ba, domin na riga na cinye haƙƙin roƙonki. Kada ki wahalar da kanki da yankan reshen tuffa, ba zai kama a can ba. Ki bar wa Fulk, masu tsami ne.

Abu ɗaya nake nema. Fada Odo zai riga ni isowa da kwana biyu, da takardar izini daga bishop. Ki sa magini ya sassauta dutsen da ke bangon coci, na hagu da bagadi. Ya sassauta kawai. Kada ya ciro abin da ke ciki, kada Fada ya taɓa, kada kowa ya taɓa. Ba zan bar Ivo a bangon Fulk ba. Igiyar akwatin Sarki tana nan a wurina, ban yar ba, kuma wuyana ya riga ya saba da nauyin. Wannan ba wanda ya sa ni rantsuwa a kansa, ba wanda zai ba ni komai in na kai. Ina zuwa in ɗauke shi da kaina.

Allah ya ba ki haƙurin zama da abin da na jawo mana.

Mijinki,
Ranulf, mai tsaron Haldsey.